Daga Yatsun Likita Zuwa Alƙaluman Na'ura: Tarihin Rarrabe Dajin Kai da Wuya

A Anka ko Gummi ko Bukkuyum, idan kumburi ya fito wa mutum a wuya ko a muƙamuƙi, aka shafa abin shafawa aka sha abin sha bai sace ba, ba a daɗewa za a ji wani dattijo ya rage murya ya ce daji ne. Hangum yana da sunansa, maƙoƙo ma yana da nasa, amma ragowar kumburin da ya gagari gida duk a cikin wannan kalma ɗaya ake zuba shi. A cikinta akwai yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura cikin mako uku har haƙoransa suka fara girgiɗi. Akwai saurayin da hancinsa ya toshe, yana haɓo, kunnensa ɗaya ya daina ji, sannan kaluluwa ta fito masa a gefen wuya. Akwai magidancin da muryarsa ta dushe wata da watanni. Akwai yarinyar da tarin fuka ya sauka a kaluluwar wuyanta ba tare da ta yi tari ko sau ɗaya ba, da kuma ƙaramin yaron da gyambon noma ya fara cin kumatunsa bayan ƙyanda.

Biyu daga cikin waɗannan biyar ba daji ba ne sam. Sauran ukun kuwa daji ne, amma kowanne da asalinsa, kuma a ɗakin magani na asibiti ba a kanta ɗaya maganinsu yake ba. Abin da zai narkar da na farko cikin kwanaki ba zai wadatar wa na biyu ba, na uku kuma wataƙila wuƙar likita ko gashin na'ura yake jira. Shi ya sa nake ganin tarihin wannan fanni, fiye da shekara ɗari da hamsin, tarihin neman suna ne kafin ya zama tarihin neman magani. Na'urar hoton maganaɗisu da ake kira MRI, da alƙaluman da take fitarwa a yau, mataki ne na baya-bayan nan a wannan doguwar tafiya, kuma ba za a gane amfaninta da iyakarta ba sai an san abin da ya gabace ta.

Da fari yatsu ne kawai. Likita ya taɓa kumburin, ya ji ko yana da tauri, ko yana motsi a ƙarƙashin fata, ko yana da zafi. A shekarar 1858 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya fitar da littafinsa da ya kafa hujja cewa cuta tana farawa ne daga ƙwayoyin halittar jiki, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Daga nan aka fara yanko ɗan abin da ya kumbura, a rina shi, a duba. A 1930 Hayes Martin, likitan fiɗar kai da wuya a birnin New York, tare da abokin aikinsa Edward Ellis, suka bayyana yadda ake zuƙo ɗan samfuri da allura ba tare da an yanka ba. Martin ya shahara da wani gargaɗi da har gobe ake koyar da shi: kada a yi gaggawar tsaga kaluluwar wuyan babban mutum kafin a leƙa hanci da baki da maƙogwaro, domin sau da yawa kaluluwar reshe ce, saiwar tana can ciki. Duk wanda ya taɓa ganin wuyan da aka yi wa tsaga ko sakiya a gida, ya ƙi warkewa, ya san gargaɗin bai tsufa ba.

Babi mafi muhimmanci ga yaranmu a Afirka aka rubuta shi. A 1957, a asibitin Mulago na Kamfala a ƙasar Yuganda, aka nuna wa wani likitan fiɗa ɗan Ayalan mai suna Denis Burkitt wani ƙaramin yaro da muƙamuƙansa na sama da na ƙasa suka kumbura ta kowane ɓangare. Ba da jimawa ba ya ga wani irinsa. Ya koma cikin tsofaffin takardun asibiti, ya tarar ashe an daɗe ana ganin irin waɗannan yara, sai dai ana ba cutar suna gwargwadon inda ta fito: idan a ido ce a kira ta dajin ido, idan a ciki ce a kira ta dajin ƙoda ko na ƙwan mace. A 1958 ya wallafa bayanin yara 38, yana mai cewa cuta ɗaya ce. Shi kansa bai dace da asalinta ba a karon farko. Masu duba samfuri a madubi, Gregory O'Conor da Jack Davies, su ne suka tabbatar cewa daga fararen ƙwayoyin jini na garkuwar jiki take tasowa, wato dangin da ake kira limfoma. A 1961 Burkitt da abokansa biyu suka shiga tsohuwar mota suka yi tafiyar kusan mil 10,000 cikin mako goma, asibiti bayan asibiti a gabashi da kudancin Afirka, suna tambayar ko ana ganin wannan kumburi. Taswirar da ta fito ta nuna cutar tana bin wuraren zafi da ruwan sama, wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi kaka-gida.

A wannan shekarar ce wani masani a Landan, Anthony Epstein, ya saurari laccar Burkitt, ya roƙi a riƙa aiko masa da samfuri daga Kamfala. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga wata ƙwayar cuta a cikin samfurin, wadda yanzu take ɗauke da sunan biyu daga cikinsu, ita ce ta farko da aka danganta da daji a jikin ɗan Adam. Nijeriya ma ta sa hannu. A asibitin koyarwa na Ibadan, a 1963, Robert Pulvertaft ya raya ƙwayoyin wannan cuta da aka ɗebo daga wani yaro ɗan shekara 11. Har yau ana amfani da zuriyarsu, mai suna Raji, a ɗakunan bincike na duniya. A Ibadan ɗin dai, likitan fiɗa Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru, ya yi aiki a kan jinyar cutar da magani, abin da ya sa a 1972 yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker tare da Burkitt.

Abin da ya girgiza likitocin wancan zamani shi ne saurin da kumburin yake narkewa. Wannan daji yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma saurin nan shi ne rauninsa, domin magunguna irin su saiklofosfamid da metotireksat masu saurin rabuwa suke kamawa. An ga yaran da fuskarsu ta dawo daidai bayan allura ɗaya ko biyu. A nan ne suna ya zama batun rai da mutuwa: yaron da aka yi wa fiɗa don an zaci wani daji ne ya rasa muƙamuƙi a banza, wanda aka yi ta cire wa haƙori don an zaci ciwon haƙori ne ya rasa makonnin da ba su dawowa.

Sai dai kuma an gano cewa wannan ƙwayar cuta ta Epstein da Barr tana da hannu a wani daji na dabam, wanda ke tsirowa a lungun da ke bayan hanci, saman maƙogwaro. Shi daga fatar da ta lulluɓe lungun yake tasowa, danginsa kasinoma. Yana cikin dajin kai da wuya da asibitocin koyarwa na arewacin Nijeriya suka fi gani, kuma ba tsofaffi kaɗai yake kamawa ba. Limfoma ma tana iya fitowa a wannan lungun, da toshewar hanci iri ɗaya, da kaluluwa iri ɗaya. Amma ginshiƙin jinyar kasinomar bayan hanci gashi ne na kusan mako bakwai, yawanci tare da sisfilatin, yayin da ginshiƙin jinyar limfoma magungunan jijiya ne zagaye bayan zagaye. Wuri ɗaya, alamu ɗaya, hanya biyu. Kuma lungu ne da yatsa ba ya kaiwa.

Hoton cikin jiki ya zo ne don irin wannan lungu. Hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a 1895 ƙashi yake nunawa sosai, tsoka kuwa sai inuwa. Na'urar CT ta Godfrey Hounsfield, wadda aka fara gwadawa a kan majiyyaci a Landan a 1971, ta yanka jiki faifai-faifai a hoto. A shekarar ce kuma wani likita a New York, Raymond Damadian, ya wallafa wani abu da ya fi shafar zancenmu. Jikin mutum galibinsa ruwa ne. Idan aka sa shi cikin maganaɗisu mai ƙarfi, aka buga masa igiyar rediyo, ruwan yakan mayar da amsa, sannan ya lafa cikin wani ɗan lokaci da ake iya aunawa. Damadian ya auna wannan lokaci a naman ɓeraye, ya ga na daji ya fi na lafiyayyen nama tsawo. Abin lura, bai ɗauki hoto ba. Lamba ya samu. Hoton ya biyo baya ne ta hannun Paul Lauterbur a 1973 da Peter Mansfield na Nottingham, waɗanda aka ba kyautar Nobel a 2003, kuma a 1980 aka ɗauki hoton majiyyaci a Aberdeen ta Sikotilan da na'urar da ke ɗaukar dukkan jiki.

Fatan Damadian na cewa lamba ɗaya za ta raba daji da abin da ba daji ba bai cika ba. Da aka auna mutane da yawa, sai aka ga kumburin ƙwayoyin cuta da ƙari marar illa su ma suna tsawaita lokacin. Likitoci suka ajiye lambar suka rungumi hoton, kuma shekaru da dama MRI ta zauna a matsayin abin kallo: nan ya yi fari, nan ya yi duhu, ƙarin ya taɓa gindin ƙwanya ko bai taɓa ba. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, domin mai gashi yana bukatar sanin iyakar gonar da zai ƙona. Amma fari da duhu hukuncin ido ne, idon wani kuma ba na wani ba ne.

Mutanen yankinmu ba sa bukatar dogon bayani kan bambancin kallo da awo, domin sun biya kuɗin wannan darasi da 'ya'yansu. A farkon 2010 yara suka riƙa suma da farfaɗiya suna mutuwa a Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. A ido, cutar ta yi kama da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ko sanƙarau, kuma maganinsu aka fara bayarwa bai yi aiki ba. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta sa aka auna jini aka ga dalma ce daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje. Ƙaramar na'urar awon da aka kawo ba ta wuce 65 a ma'auninta, jinin yara da yawa kuwa ya zarce abin da take iya karantawa. An yi asarar yara kusan 400. Daga baya lamba ce take yanke hukunci a asibitin Anka: wanda ya kai 45 a ba shi maganin fitar da dalma, a sake aunawa a ga ko ta sauka. Abin da masu hoton maganaɗisu suka koma nema ke nan, wato lambar da za a rubuta, a kwatanta, a sake aunawa.

Sun same ta ta wata ƙofa dabam, ta hanyar motsin ruwa. Ruwa ba ya tsayawa cik ko da a cikin ƙoƙo ne. Ƙananan ƙwayoyinsa kullum suna kai-kawo. A tsakiyar shekarun 1980 wani Bafaranshe, Denis Le Bihan, ya nuna yadda za a sa MRI ta auna nisan wannan kai-kawo a cikin jikin mai rai, aka sa wa sakamakon suna ADC. Misalinsa kamar mutum ne a kasuwar Gummi. Ranar da ba ta ci, zai ratsa ta cikin 'yan mintuna. Ranar da ta cika ta batse, da ƙyar zai yi taku goma. Inda ƙwayoyin halitta suka cunkushe, ruwa ba ya samun hanya, lambar sai ta yi ƙasa. Inda akwai sarari ko ruwa kwance, sai ta yi sama. An fara cin moriyar wannan a gano shanyewar ɓarin jiki da wuri, daga baya aka juyo da shi wuya.

A 2001 wasu likitoci a Japan suka wallafa awon da suka yi wa kumburin kai da wuya iri-iri. Matsakaicin lambar limfoma ya tsaya wajen 0.66, na kasinoma 1.13, na ƙari marar illa 1.56, na jakar ruwa kuma 2.05. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa leƙa limfoma a madubi: ƙwayoyi ne ƙanana, masu manyan cibiyoyi, a matse kamar gero a buhu. Da suka sa iyaka a 1.22 don raba mai illa da marar illa, sun dace a kashi 86 cikin ɗari. Bincike da yawa sun biyo baya, a kan kaluluwa, da ƙarin gland ɗin yawu da ke gaban kunne, da lungun bayan hanci, wasu kuma suka ƙara da auna saurin shigar ruwan allurar gadoliniyam cikin ƙari da fitarsa. An kuma lura cewa idan jinya tana ci, lambar takan hau tun kafin ƙarin ya fara raguwa a ido, kuma tana taimakawa wajen rarrabe tabon gashi da dajin da ya dawo, wanda tsohuwar matsala ce mai hana likita da majiyyaci barci.

Kashi 86 na nufin ana kuskure a kusan mutum ɗaya cikin bakwai, kuma a ganina wuraren da lambar take tuntuɓe sun fi shafarmu fiye da mutanen da suka ƙirƙiro ta. Mugunya mai kauri tana hana ruwa motsi kamar yadda daji yake yi, saboda haka ƙurji mai zurfi yana iya ba da lamba ƙasa. Kaluluwar tarin fuka, wadda ta yi yawa a wajenmu, tana ruɓewa a tsakiya ta ba da lambobi masu rikitarwa. Akwai wani ƙari marar illa na gland ɗin yawu, mai sunan Warthin, da lambarsa take sauka har ta shiga sahun masu illa. Kasinomar bayan hanci kuwa, irin wadda ke tafe da ƙwayar Epstein da Barr, cike take da fararen ƙwayoyin jini, don haka lambarta takan kusanci ta limfoma, daidai inda aka fi bukatar a raba su. Ga kuma iskar hanci da ƙarfen haƙori da haɗiyar yawu, duk suna gurɓata awon. Har wa yau na'urar wannan kamfani da ta wancan ba lallai su ba da lamba ɗaya a kan wuya ɗaya ba, abin da ya sa ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta Arewa ta kafa wani kwamiti a 2007 don daidaita ma'auni, kamar yadda hukumar kasuwa take daidaita tiya da mudu.

Sannan sai an sami na'urar. Wani ƙidaya da Godwin Ogbole na Ibadan da abokansa suka wallafa a 2018 ya sami MRI 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Nijeriya, kuma mafi yawansu masu ƙaramin maganaɗisu ne, alhali awon motsin ruwa a wuya ya fi inganci a na'ura mai ƙarfin tesla 1.5 ko sama. An ƙaru tun daga lokacin, amma a manyan birane. Mai kumburi daga Bukkuyum zai bi ta Gusau ko ya nufi Sakkwato, wataƙila har Zariya ko Kano, a kan hanyar da kowa ya san halin da take ciki a shekarun nan. Ga iyalin da suka sayar da akuya ko buhun dawa don wannan tafiya, tambayar da ta dace a yi wa likita ita ce wane gwaji ne zai ba cutar suna. Amsar a yau, kamar a zamanin Virchow, ita ce samfurin da aka duba a madubi. Babu likitan kirki da zai rubuta sisfilatin ko saiklofosfamid, babu kuma mai harhaɗa magani da zai haɗa su, a kan lambar ADC kaɗai. Aikin lambar shi ne ta nuna inda za a soka allura don kada a ɗebo ruɓaɓɓen wuri, ta ƙarfafa zato ko ta raunana shi, ta kuma bi sawun jinya. Idan kuɗi ba zai isa duka biyun ba, samfurin ne gaba, sai fa idan likitan da ke duba majiyyacin ya ga dalilin saɓanin haka. Yaron da ake zargin yana da cutar Burkitt sau da yawa hoton ciki na sauti da zuƙon allura sun isa a fara jinya. Na noma kuwa ba ya bukatar ko ɗaya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci da wanke baki yake bukata a yau ɗin nan, kuma akwai asibitin da aka gina dominsa a Sakkwato tun 1999.

Wanda aka tura MRI ya faɗa wa ma'aikata idan akwai ƙarfe a jikinsa. A yankinmu wannan ya haɗa da harsashi ko ɓarɓashinsa da ya zauna a jiki, da tsinken ƙarfe da ya taɓa shiga idon maƙeri ko mai walda, domin maganaɗisun yana iya motsa su. Idan za a yi allurar gadoliniyam, akan duba lafiyar ƙoda tukuna, mai juna biyu kuma ta faɗa. Shi awon motsin ruwan ba ya bukatar allura, kuma na'urar ba ta fitar da irin hasken da CT take fitarwa.

Akwai abu guda da yake lalata samfuri da lamba gaba ɗaya, kuma daga ɓangarenmu na masu magani yake fitowa. Deksametason da firedinisolon suna nan a kowane kemis, da araha, har wasu na shan su don ƙiba. Suna kashe ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci. Hasali ma firedinisolon yana cikin haɗin da ake jinyar limfoma da shi a asibiti. Idan aka ba mai kumburin wuya su kafin a ɗebi samfuri, kumburin yakan sace cikin kwana biyu ko uku, gida ya yi murna, a fasa tafiya. Bayan 'yan makonni ya dawo ya fi da. A lokacin, mai duba madubi yana iya tarar da matattun ƙwayoyi da ba za su karantu ba, lambar ADC kuma ta riga ta sauya daga inda za ta tona asirin cutar. Idan kuma tarin fuka ne a kaluluwar, maganin ya danne garkuwar jiki ya ba shi fili. A yaro mai babban ƙarin Burkitt haɗarin ya fi haka: ƙwayoyin da suka mutu a lokaci guda suna zubar da gubarsu cikin jini har ƙoda ta tsaya, shi ya sa a asibiti ba a fara jinyarsa sai an ɗaura ruwa an ba da alofurinol, ana kuma auna jini da fitsari.

Saboda haka duk kumburin wuya da ya wuce mako uku bai sace ba, ko dushewar murya ko gyambon baki da suka kai haka, ko toshewar hanci ta gefe ɗaya mai haɗe da haɓo ko toshewar kunne, na asibiti ne kafin a sha komai daga cikin waɗannan ƙwayoyi. Kumburin muƙamuƙin yaro mai girma a kan ido ba ya jiran ko mako ukun. Idan kuwa an riga an sha, a zo da kwalin ko ragowar ƙwayoyin a hannu, a faɗi ranar da aka fara da ranar da aka daina, domin likita zai iya ɗaga ranar ɗibar samfurin ko ya karanta sakamakon da wannan a zuciyarsa.